Ƙodar Kurma

Ɗakin wankin ƙoda yana can ƙarshen barandar asibiti, inda warin maganin goge ƙasa ya fi ƙarfi. Kujeru ne masu kwanciya a jere, kowace da injinta a gefe. Injin ya zuƙi jinin mutum ta siririyar roba, ya tace, ya mayar masa da abinsa. Direba ya daɗe yana zuwa, yau yana gida, gobe yana kujera. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar safa daga gari zuwa gari, yana zagin duk wanda ya sha gabansa, ga shi yanzu har ruwan da zai sha a yini sai an auna masa. Ƙishirwa ta fi ciwon cin ransa. Ƙanƙara yake tsotsa, kuma ko ita sai matarsa ta ƙirga masa da ido.

Kujerar damansa ta Hedimasta ce, Kirista, tsohon shugaban makaranta wanda ko nas ta yi magana sai ya gyara mata. Ta hagu kuma ta Mai-Tabarau ce, wani siririn tsoho Bayahude da ya yi sana'ar gilashin ido, irin mutanen da in ka tambaye su lafiya sai su tambaye ka me ka gani. Ba su zaɓi juna ba, tsarin asibiti ne ya haɗa su. Amma in aka ɗaure wa tsofaffi uku hannu tun safe har rana ta take, dole bakinsu ya nemi aiki. Sun cinye siyasa, sun cinye ƙwallo, sun cinye gulmar likitoci. Abin da ya ƙi cinyewa shi ne labarin Annabi Ibrahim da ɗan da aka umarce shi ya yanka.

"Ishaku ne," in ji Hedimasta, yana ɗaga yatsa kamar yana gaban allo. "A rubuce yake, da sunansa."

"Isma'ila ne," in ji Direba. "Shi ne ɗan fari. Kowa ya san wannan."

"Kowa a gidanku," in ji Mai-Tabarau. "A gidanmu Ishaku ne. Ni dai abin da ke ba ni mamaki, dubi yadda muke kokawa, kowa yana so a ce nasa aka kwantar. Da yanzu wani zai shigo ɗakin nan da wuƙa, da injin za mu ja mu yi waje."

Sai nas ta ce su rage murya, jinin Direba yana hawa. Haka suke yi kullum, kuma babu wanda ya taɓa matsawa ko da taku ɗaya.

Ana nan, likita ya kira Direba ofis ya gaya masa gaskiya. Jijiyoyin hannunsa sun gaji da allura, zuciyarsa ta fara kumbura, injin ba zai riƙe shi da nisa ba. Sai dai dashe, in akwai mai ba shi ƙoda. 'Ya'yansa maza biyu suka je aka ɗebi jininsu.

A nan ne dole a faɗi abin da kowa a gidan ya sani amma ba a faɗa. Babban ɗan, wanda ake kira Lauya tun kafin ya zama lauyan, shi ne hasken idon Direba. Hotonsa ne a falo da baƙar riga, takardar shaidarsa ce a cikin gilashi, har matar gidan ma Baban Lauya take kiran mijinta. Ƙaramin kuwa Kurma ake ce masa. Kunnensa lafiya lau, uban ne ya laƙaba masa sunan tun yana yaro, don in an yi masa magana sai ya ɗan jima kafin ya amsa. Karatu bai karɓe shi ba, ya zama birkila. Shi ne ke kawo uban asibiti a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, shi ke dawowa ya ɗauke shi, shi ya gyara matakalar banɗaki don kada tsohon ya faɗi. Direba bai ƙi shi ba. Ya dai saba da shi, yadda mutum ke sabawa da bangon da yake jingina.

Wata ranar hutu da hantsi Lauya ya zo gida shi kaɗai. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar uban.

"Baba, sakamako ya fito. Tawa ta dace. Na ji ta Kurma ma ta dace, shi ya gaya mini. Amma jininsa yana ɗan hawa, ga aikinsa na ƙarfi ne. Na tambayi likita, ya ce mai irin wannan za a iya ɗaukar tasa, sai dai in ya manyanta ɗayar tana iya gajiya. Tawa ta fi. In ka ce ni, ni ne."

Direba ya dubi hannuwan ɗan nan, farare tas, a kan gwiwa. Ya yi ƙoƙarin hango wuƙar likita a kan cikin Lauya, zuciyarsa ta ƙi. Da ya hango ta a kan na Kurma, ya ji zafi, amma zafin da za a iya ɗauka.

"Ka gaya wa ƙanenka taka ta dace?"

"Ban gaya masa ba tukuna."

"To ka ja bakinka. Ka koma ka ce wa likita ka fasa, su ba sa tona asiri. Kai ba za a taɓa ka ba."

Lauya ya yi kuka, ya ce a'a Baba, ya sake cewa a'a Baba. Amma uba ya san kukan ɗansa, kuma a cikin wannan akwai ajiyar zuciya. Bai sake musu ba.

Washegari a hanyar asibiti, motar Kurma tana ƙugi, buhunan siminti suna tsalle a baya, Direba ya gyara murya. Ya kwana yana shirya maganar, kuma ya sami hanyar da ta yi masa kyau ƙwarai.

"Ka san abin da ya sa nake son labarin Annabi Ibrahim yadda yake a wurinmu? Bai yi wa yaron dabara ba. Ya zaunar da shi ya gaya masa mafarkin da ya yi, ya nemi shawararsa. Ka tuna abin da yaron ya ce?"

Kurma ya jima, kamar yadda ya saba. "Ya ce a yi."

"Ya ce a yi. Ɗa ke nan." Direba ya dubi titi. "An ce taka ta dace."

"Haka suka ce."

"To me ka gani?"

Wata babbar mota ta tare hanya, Kurma ya rage gudu, ya canza giya. Hannunsa duk tsagewar siminti. "Matata tana da ciki, Baba."

"Na sani."

Suka wuce gidan mai, suka wuce makaranta, yara suna tsallaka titi da jakunkuna. Sai da suka shiga ƙofar asibiti Kurma ya ce, "To. A yi."

Direba ya sauka ransa fari. Ya tambaya, an amsa, babu wanda ya tilasta wa kowa. Bai tsaya ya lura cewa tambayarsa irin ta kwandasta ce, da ke tambayar fasinja ko ya yarda da kuɗin mota bayan an fita gari.

Ko gama sa masa allura nas ba ta yi ba ya fara ba da labari. Ɗansa zai ba shi ƙoda. Hedimasta ya taya shi murna da gaske, har idonsa ya kawo ruwa, don shi ba shi da mai ba shi. Mai-Tabarau ya ce madalla, sannan ya tambayi wanne daga ciki.

"Ƙaramin. Kuma tambayarsa na yi, kamar yadda Annabi ya yi. Nan ne namu ya fi naku. Mu an nemi yardar yaro."

"Gaskiya ne, mu ba a gaya masa ba," in ji Mai-Tabarau. "Aka ɗora masa itacen, suna hawan dutse, yana tambaya ina ragon. Uban ya ce Allah zai tanada."

"Itacen nan shi ne maganar duka," in ji Hedimasta, ya manta da allurar hannunsa har injin ya yi ƙara. "Ɗa ya ɗauki itacen da za a kashe shi a kai, ya hau tudu. Mu a wurinmu ishara ce ga Almasihu da gicciyensa. A kan dutsen Ibrahim an tsayar da wuƙa. A kan wancan tudun ba a tsayar da komai ba."

"Ku kullum sai kun kai labarin inda kuke so," in ji Mai-Tabarau. "Mu nan muke tsayawa mu yi ta tono. Wasu malamanmu sun ce ba yaro ba ne, magidanci ne da gemunsa, da ya ga dama da ya ture tsohon ya yi tafiyarsa. Wasu sun lura cewa an faɗi hawansu su biyu, amma da aka zo saukowa uban kaɗai aka ambata. Wasu kuma sun ce uwar, da labari ya iske ta, ko ƙarshensa ba ta jira ba, ta yi ƙara ta faɗi ta mutu." Ya juyo da tabaransa. "Malam Direba, ka gaya wa uwarsa?"

"Ina ruwanka da gidana?"

"Babu. Tambaya ce. Mu ita muka gada."

Direba ya fusata, ya ce mutanen da ba su yarda da komai ba sai tambaya, shi ya sa ba sa ƙarewa da kowa lafiya. Mai-Tabarau ya ce direbobi ma haka. Nas ta taso. Hedimasta, wanda ya shekara da shekaru yana raba faɗan yara, ya ɗaga hannunsa mai lafiya.

"Ku tsaya. Mun daɗe muna wannan musu, bari in gaya muku inda babu musu. Ko Ishaku ko Isma'ila, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, ɗan da ya fi so ne aka ce ya kawo. Mai-Tabarau, ƙarya na yi?"

"Haka yake. Wanda yake ƙauna."

"Malam Direba?"

"Haka ne," in ji Direba. "Ɗan da ya roƙa har ya tsufa kafin ya samu."

"To ka gani. In da wanda zai iya haƙura da shi ya ɗauka, ina jarrabawar take? Wannan ai ciniki ne."

Hedimasta bai san ya taka komai ba, ya koma ya kwanta yana jin daɗin ya sasanta. Direba kuwa ya ji maganar ta sauka masa a ƙirji ta zauna. Ya kawar da kai don kada Mai-Tabarau ya ga fuskarsa, sai ya hangi Kurma tsaye a bakin ƙofa. Ya dawo da wuri, yana riƙe da rigar sanyin uban da aka manta a mota.

A gida matar Direba tana guga a tsakar falo lokacin da ya gaya mata Kurma ne zai ba shi ƙoda. Ba ta ɗago ba. Ta gama hannun rigar, ta juya ta, ta ajiye dutsen gugar a tsaye.

"Baban Lauya, ni na haife su su biyun. Lauya ya zo gidan nan ya fita bai iya haɗa ido da ni ba. Tun yana ƙarami haka yake yi in an ba shi abu an hana ƙanensa."

"Yaron nan da bakinsa ya yarda."

"Yaushe Kurma ya taɓa ce maka a'a? Ni ba zan ce ka bar wannan ka ɗauki wancan ba, Allah ya tsare bakina. Ina son ka rayu, Allah ya sani. Amma kada ka kawo mini sunan Annabi a cikin maganar nan. Shi umarni aka ba shi. Kai wa ya umarce ka?"

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma. A ranar ya yanke shawara, kuma da zuciya ɗaya ya yanke ta. Zai gaya wa likita ya fasa. Zai zauna a kan injinsa har inda Allah ya kai shi, Kurma ya riƙe ƙodarsa ya yi renon ɗansa. Har ya ji wani sanyi a ransa, ya ci abinci da ɗan dama.

Da ya koma asibiti, wata mata ce a kujerar dama, an lulluɓe ta da bargo, tana kallon rufi. Ya tambayi nas ina Hedimasta. Ta ci gaba da manna filasta, ta ce ya rasu a gida, ruwa ne ya cika masa huhu, kafin a kawo shi rai ya yi halinsa. Ta faɗa a hankali, da muryar wadda ta saba faɗa.

Ranar babu musu. Mai-Tabarau ya cire tabarau ya riƙe a hannu, idanunsa suka zama ƙanana, tsirara. Can ya ce 'yarsa ta taɓa cewa za ta ba shi tata, ya ce mata in ta sake faɗa zai daina ɗaga wayarta. Ya ce ba jarumta ba ce, shi dai ya san ba zai iya kallonta ba bayan haka. Direba kuwa yana tunanin yadda mutum ke nutsewa a kan gadonsa, babu kogi babu rijiya. Kafin a cire shi daga injin jininsa ya faɗi, ƙafafunsa suka murɗe, ɗakin ya yi duhu, ya ji nas tana kiran sunansa daga nesa. Da ya dawo hayyacinsa abu ɗaya ne a ransa, kuma ba Kurma ba ne. Ba ya son ya mutu.

Likita ya zo da fara'a ya tsaya a kansa, ya ce an sami rana, mako mai zuwa za a yi aikin. Maganar da Direba ya shirya tana nan a bakinsa, a jere, ba abin da ya ɓata daga cikinta. Ya buɗe baki ya ce, "Allah ya kai mu."

Bayan haka kullum yana cewa gobe zai faɗa. Gobe ta yi ta zuwa tana wucewa har aka kwantar da su, uba a ɗaki ɗaya, ɗa a na kusa.

Da safiyar aikin, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan farin zanen gado. Matar Direba tana baranda tare da surukarta mai ciki, Lauya ya ce ya tafi neman wurin ajiye mota kuma bai dawo ba. Aka turo ƙofa, Kurma ya shigo cikin rigar asibiti mai ɗauri a baya, ta yi masa kaɗan, ƙwaurinsa a waje. An zana masa alama da biro a gefen ciki, ana hango ta ta tsagar rigar. Ya zauna a bakin gadon, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, Yaya ya same ni a wurin aiki shekaranjiya. Ya ce shi ma tasa ta dace, har ta fi tawa. Ya ce kai ka hana shi. Ya yi ta kuka wai in yafe masa."

Ga ƙofa an buɗe wa Direba har bango. Abin da ya rage kawai ya ce, tashi ka sa kayanka ka tafi gida.

"Na ce masa ba komai," in ji Kurma. Yana magana yana kallon hannunsa, a hankali, kamar mai jera bulo. "Ni tun ina yaro na ɗauka ba ka cika so na ba. Ban ji haushi ba, na san ban yi karatu ba, ban kawo maka abin nunawa ba. To ranar nan da na kawo maka riga, na ji abin da marigayi Hedimasta ya faɗa. Ku ukun da ba ku taɓa yarda da juna ba, duk kuka ce wanda aka fi so shi ake ɗauka. Da Yaya ya gaya mini ka bar shi ka zo wurina, sai na haɗa. Na ce ashe."

Ya ɗago. Tun da aka haife shi uban bai taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Yana murmushi, amma idonsa ba na mai neman labari ba ne, na mai roƙo ne.

"Ni ne ko, Baba?"

A baranda ana jin ƙarar tayar gadon turawa tana matsowa. Direba ya dubi ɗansa, ya ga furfura ta fara fito masa a gefen kunne, bai san lokacin da ta fara ba. In ya faɗi gaskiya, yaron zai tashi da ƙodarsa biyu, ya kuma tafi da abin da ya ji har kabari. In ya yi ƙarya, za a kwantar da shi yana murna. Ya so ya gaya wa kansa cewa don tausayin Kurma zai zaɓa, amma ya san kansa yake tausayi.

"Kai ne," in ji shi.

Kurma ya kama hannun uban da hannu biyu, ya matse, kaushin tafinsa yana kartar fatar tsohon. Ma'aikata biyu suka leƙo suka ce shi za a fara ɗauka. Bai bari an taimaka masa ba, ya hau gadon da kansa ya miƙe. Suna tura shi yana nuna musu tayil ɗin baranda, yana cewa duk wanda ya yi aikin nan bai iya ba, ga layi ya karkace. Suka yi dariya, muryarsu ta yi nisa, wata ƙofa ta rufe.

Nas ta shigo da abin awon jini ta tarar da Direba ya juya fuska bango, kafaɗarsa tana girgiza. Ta dafa shi.

"Haba Baba, kuka kuma? Tsoro ne? Kowa yana ji, ba kai kaɗai ba."

Ya gyaɗa mata kai, don wannan ma gaskiya ce. Sannan ya miƙa mata hannu ta ɗaura abin awon.